Nonon da Aka Hana

Washegarin suna Hajiya Murjanatu ta kama haɓar matar ɗanta a tsakar gida, ta juya fuskarta wajen rana.

"Buɗe idon da kyau. Dubi sama."

Hadijatu ta dubi sama. Fitowarta ke nan daga wankan jego, jikinta na tururi. Farin idonta ya yi ruwan ɗorawa. Ba sosai ba, amma duk wanda ya duba zai gani.

"Shawara," in ji Hajiya. Ta saki haɓar, ta goge yatsunta a gefen zane. "Shatu, zo ki gane mini."

Shatu ce unguwarzomar da ke yi wa Hadijatu wanka. Haihuwar fari ce, a ƙa'ida gidan iyayenta a Sandamu ya kamata ta yi jego. To uwarta ta rasu, babu macen da za ta tsaya mata a can, sai aka bar ta a Daura hannun uwar miji.

Shatu ta leƙa idon, ta taɓe baki. "Ita ce. Ta kama."

"Hajiya, ba ciwo ba ne," Hadijatu ta ce, kanta a sunkuye. "Tun ina yarinya haka yake yi mini. In na yi azumi ko na sha wahala sai ya fito. In na ci na huta sai ya washe."

"Tun kina yarinya?"

"I."

"Amma ba wanda ya gaya mana."

Hajiya ta shiga ɗakin mai jego ta fito da jaririn a kafaɗa. Sunan mijinta marigayi aka sa masa, Abdulmuhaimin, saboda haka ba mai faɗin sunan a gidan. Ita "angona" take ce masa. Hadijatu kuwa ko wannan ba ta da shi. Ɗan fari ne: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar inda yake. Haka aka koya mata, haka ta ga kowa na yi.

"A gwada nonon," in ji Hajiya.

Shatu ta tatsi kaɗan a ludayi, ta tsinto tururuwa a gindin katanga ta jefa ciki. Su uku suka tsaya suna kallo. Tururuwar ta yi ta juyi, ta nufi bakin ludayin, ta zame, ta sake nufa. Can ta tsaya cak.

"Kin gani da idonki," in ji Shatu. "Ciwon ya sauka a nono."

Hadijatu ta san ko a nonon saniya aka jefa tururuwa haka za ta yi. Ba ta faɗa ba.

Kafin azahar an kwashe kayan jaririn zuwa ɗakin Hajiya. An aika an sayo madarar gwangwani da fida. An ware wa Hadijatu kwanonta da kofinta, an ɗaura wa hannun kofin tsumma don kada wani ya ɗauka bisa kuskure.

Mai shawara ba ya cin mai, ba ya cin nama, ba ya taɓa gishiri, ba ya shan nono. Kowa a unguwar ya san wannan. Ƙaurin da aka dafa wa mai jego 'yan barka ne suka cinye. Ita kunu tsararo aka ba ta da safe, gayan tuwo da yamma, sai jiƙon saiwar rawaya mai ɗaci wanda ke kai ta bayi har sai ta dafa bango. Wankan jego kuma ba a fasa ba. Safe da yamma Shatu na tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata, gumi na zuba kamar an matse ta.

Mijinta Hafizu hatsi yake kaiwa Kongolam, a bakin iyaka. Da safe kafin ya fita yakan tsaya a bakin ƙofarta ya gaishe ta. Ya daina shiga.

"Ya jikin?"

"Jikina lau, Malam. Yunwa nake ji. Ka kai ni asibiti su duba."

Ya kai ta. Wannan kam ya yi. Likita ya duba ta, ya danna cikinta, ya sa aka ɗebi jini, ya ce su dawo. Da suka dawo ya zaunar da su biyun.

"Hantarki lafiya lau take," ya ce. "Wannan ba shawarar da ake ɗauka ba ce, ba kuma mai kisa ba ce. Gado ne. Akwai wani abu mai launin ɗorawa da jinin kowa ke fitarwa, hanta ce ke kwashe shi. Taki tana kwashewa, amma a hankali. In kin ji yunwa, ko kin gaji, ko zazzaɓi ya kama ki, sai ya taru ya nuna a ido. Mutane da yawa da shi suke tsufa, wasu ba su ma san suna da shi ba."

"To maganin fa, likita?" Hafizu ya tambaya.

"Abinci. Ruwa. Hutu. Me take ci?"

Hafizu ya dubi takalminsa.

"Yaron yana shan nono?"

"An ɗan dakatar."

Likitan ya ajiye biro. "Yau a mayar da shi. Ba gobe ba. Babu abin da zai same shi ta nononta. Ka ji ni?"

"Na ji."

A hanyar gida, a bayan babur, Hadijatu ta ji nono na zuba ta cikin riga. Ba ta damu ba.

Hafizu ya durƙusa a gaban uwarsa ya maimaita abin da likita ya ce. Bai rage komai ba. Hajiya na zaune bisa tabarma, jaririn a cinyarta, tana girgiza fida.

"Ya ba ta magani?"

"Ya ce ba ta buƙata."

"To ka ji. Ciwon da ba su da maganinsa sai su ce ba ciwo ba ne. Yaushe 'yan asibiti suka san shawara? Allurarsu ma kashe mai ita take yi. Allah ya sa ba su yi mata ba."

"Jini kawai suka ɗiba. Ya ce dai yaron..."

"Kai, Hafizu. Kana nan yayarka Haulatu ta yi shawara. Da ido ta fara. Ni na wanke gawarta da hannuna, jikinta kamar an shafa mata lalle. Likitan nan yana wurin?"

"A'a."

"To ba zan zuba ido a ɗura wa angona ita a baki ba. Dubi idonsa, fari tas. Haka nake so ya zauna. In nata ya washe ta zo ta ɗauke shi, ni me zan yi da shi? Ni ma barci nake so."

Hafizu ya tashi. A bakin ƙofa ya gaya wa matarsa yadda aka yi.

"Ba ta hana ba. Cewa ta yi idon ya washe tukuna. Kwana nawa ne?"

"Malam, kai ma ka ji. Ba zai washe ba sai na ci."

"Ki daure. Ba zan tsaya ina musu da ita a kan jikanta ba."

Haka maganar ta tsaya. Ba za a ba ta ɗanta ba sai idon ya yi fari. Idon ba zai yi fari ba sai ta ci. Ba za a ba ta abinci ba sai idon ya yi fari.

Nonon ya cika ya yi tauri kamar dutse. Takan zaga bayan ɗaki ta tatse shi a ƙasa, ta tura turɓaya da ƙafa ta rufe. Zazzaɓi ya biyo baya. Da zazzaɓin ya zo, idon ya ƙara rinewa. Hajiya ta duba, ta girgiza kai, ta sa aka ƙara jiƙo.

"Ga shi nan yana fitowa. Da an bi ta likita da yanzu wani zance ake."

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan. Hadijatu na jin komai. Tana jin ƙarar cokali a gwangwani, sau ɗaya maimakon sau uku, don Hajiya ta ce madara mai kauri ta fi ƙarfin cikin jariri. Tana ganin fidar a bakin randa, an ɗauraye ta da ruwa an kife, ƙudaje na bin kan robar. Tana jin kukan. Da farko kuka ne mai ƙarfi, irin na mai jin haushi. Duk lokacin da ya tsala sai gabanta ya jiƙe.

Sai zawo ya kama shi. Tsummokara suka cika igiyar shanya.

"Hajiya," ta ce wata safiya, tana durƙushe nesa da tabarma, "yaron nan kamar cikinsa..."

"Yaron wa?"

Hadijatu ta sunkuyar da kai.

"Ji mini 'yar zamani. Ɗan fari, har kin san cikinsa. Dattin nonon da ya sha ne yake fita. Gara ya fita."

Shatu ta yi dariya. "Mu da sai an yaye namu muke sanin kamanninsu."

Da Hafizu ya zo gaisuwa ta roƙe shi a hankali.

"Ko tsire ne ka ɓoyo mini a aljihu. Ko ƙwai. Nonon ya fara ja baya."

"In ta ji ƙamshi fa? Ta ce in na ba ki abin da ta hana ba ta yafe ba."

"To ka ɗauko mini shi in ta shiga wanka. Ba zan daɗe ba."

"Sata kike so in yi a ɗakin uwata? Kullum malamai na faɗa a rediyo, wanda ya saɓa wa uwa ya gama yawo."

"Malaman ba su ce a shayar da jariri ba?"

Ya dube ta, ya kau da kai daga idon. "Ciwon nan ya sa ki baki," ya ce. Ya tura babur ya fita.

Labari ya kai Sandamu. Ubanta, Malam Dabo, ya zo bisa keke ranar wata Alhamis, da zabi biyu ɗaure a baya da 'yar ƙwaryar man shanu. Tsoho ne mai ƙarfi, har yanzu shi ke noma gonarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Hafizu ya durƙusa gefe. Hajiya ta tsaya daga bayan ƙofa, yadda surukai ke yi, aka gaisa doguwar gaisuwa. Aka kawo ruwa ya ce azumi yake.

"Hajiya, na ji an ce idon Dije ya tayar muku da hankali. Wallahi ba komai ba ne. Hafizu, matso ka dubi nawa."

Ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa. Ruwan ɗorawa ne, irin na 'yarsa sak.

"Ka gani? Duk ranar da na ɗauki azumi haka yake. In na sha ruwa na ci tuwo, jibi ba ka ganin komai. Babana ma haka yake, kuma sai da ya ga jikokin 'ya'yansa. A gidanmu dariya muke yi wa abin."

Ya yi dariyar. Ba wanda ya taya shi.

"Ashe a jini yake," in ji Hajiya daga bayan ƙofa.

"A jini yake, amma..."

"To, Malam, da muka zo neman aure ba a faɗa mana ba. An ce yarinya lafiyayya. Yanzu kuwa shari'a ake yi a ƙasar nan. Ɓoye aibi a aure, alƙali ya san hukuncinsa. Ni dai ban ce zan kai ko'ina ba, saboda mutunci."

Tsohon ya saki fatar idonsa. Ya daɗe yana duban tabarma.

"In an yarda," ya ce, "in tafi da ita da yaron su ƙarasa jego a wurina. Akwai matar ƙanena."

"Ita dai ga ta nan, 'yarka ce. Yaro kuwa na gidan nan ne."

Aka kira Hadijatu. Da ubanta ya ga wuyanta da yadda zane ya zagaye ta har ya yi saura, sai ya yi saurin kau da ido.

"Za ki bi ni?"

"A'a, Baba."

Bai tambayi dalili ba, ita ma ba za ta iya faɗa a gabansa ba.

"To ki yi haƙuri. Ki bi abin da suka ce."

Zabin a miyar gidan suka ƙare. Man shanun Hajiya ta ajiye, ta ce in mai jego ta warke.

Kukan ya canza. Ya zama siriri, kamar na ɗan kyanwa, yana yi yana tsayawa. Nonon Hadijatu ya saki, ya zama fata. In ta zaga bayan ɗaki sai ta matsa da ƙarfi kafin ɗigo ya fito.

Wata safiya ta farka da asuba ta zauna tana saurare. Ba ta ji komai ba. Rana ta fito, Hajiya ta yafa mayafi ta leƙa maƙwabta karɓo rubutu. Har yanzu ba kuka.

Ba ta taɓa shiga ɗakin Hajiya ba sai an kira ta. Ta ɗaga labule ta shiga.

Yana kwance a tsakiyar gado. Maɗigarsa ta faɗa, ta yi rami. Idanunsa sun shige ciki, a buɗe kaɗan, ba ya kallon komai. Leɓensa ya bushe ya tsage. Ta ɗauke shi, ba nauyi. Ta zauna a ƙasa ta sa masa nono a baki. Bai kama ba. Ta matsa har ta ji zafi a ƙirji, ɗigo ɗaya ya fito, ta shafa masa a harshe. Harshen ya motsa sau ɗaya.

"Innalillahi! Me kike yi?"

Hajiya ce a bakin ƙofa, kwalbar rubutu a hannu.

"Kashe shi za ki yi? Cire masa! A ɗakina? Ɗan fari? Ke wace irin marar kunya ce?"

Hadijatu ta miƙe. Ɗakin ya juya mata, ta dafa gado.

"Abdulmuhaimin ɗana ne," ta ce.

Hajiya ta ja da baya kamar an mare ta. Tun da mijinta ya rasu ba wanda ya faɗi sunan nan a gabanta.

Hadijatu ta goya shi, ta ja mayafi, ta ratsa tsakar gida ba takalmi. Hafizu na ƙofar gida yana ɗaure buhu a babur.

"Ina za ki? Wa ya ba ki izini?"

Ta juya masa baya ta ɗaga mayafin. Ya ga kan yaron yana lilo. Ya dubi zaure, inda uwarsa ke tsaye tana salati. Ya sake duban yaron. Sannan ya kwance buhun ya yar.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ƙafa ta rasa, sai a gefen kai aka samu aka sa ƙarin ruwa. Likitan da ya zo shi ne na ranar nan. Ya dubi yaron, ya dubi Hadijatu, ya gane ta.

"Me yake sha?"

"Madara," in ji Hafizu.

"Tun yaushe?"

Hafizu ya kau da kai.

"Ba kai ne ka zauna a gabana ka ce ka ji ba?"

"Likita, gida ne. Akwai manya."

Likitan ya juya masa baya. Ya sa aka kawo wa Hadijatu shayi da burodi, ya ce ta ci a gabansa. Ta ci da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙafar yaron. Tana riƙe da ita har ta yi sanyi. Kafin la'asar an zare robar.

Jariri ba ya ɗaukar lokaci. Kafin magariba an kai shi an dawo.

Washegari mata suka cika tsakar gida. Wurin Hajiya suka fi zama, don ita ta yi jinya.

"Sannu, Hajiya. Kin yi iyakar ƙoƙarinki."

"Ban runtsa ba tun da ya dawo ɗakina," in ji Hajiya, kuma gaskiya ta faɗa. Kuka take yi na gaske. "Yana samun sauƙi fa. Zawon har ya tsaya. Na ɗan leƙa nan maƙwabta, kafin in dawo ta ɗura masa."

"Ta ba shi? Nonon?"

"Da idona na gani. Ko yini bai ƙara ba."

"Nonon da ya kashe tururuwa nan take," in ji Shatu. "Ina jariri zai iya?"

Matan suka yi salati. Wasu suka leƙa ɗakin Hadijatu daga bakin ƙofa, ba su shiga ba. Tana zaune a ƙasa, hawaye na zuba, ba sauti.

Wata daga cikinsu ta ce, "Ke, share idonki. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ki gode Allah, ke yarinya ce, wani zai zo."

"In ya zo," Hajiya ta ce daga tabarmarta, "na yi hankali. Kuskurena da na bari aka kai suna yana sha. Na gaba, daga hannun Shatu sai ɗakina. Ko ɗanɗanawa ba zai yi ba."

Zawon bai tsaya don sauƙi ba. Ya tsaya ne don babu sauran ruwa a jikin. Abin da ke idon Hadijatu bai taɓa kwantar da ita ba, bai kwantar da ubanta ba, bai kwantar da kakanta ba. Babu wanda ya ƙi yaron nan a gidan. Kakarsa ta so shi, ta hana shi nono. Unguwarzoma ta yi aikin da ta gada. Kakansa na Sandamu ya kiyaye mutunci ya hau kekensa. Uwar an koya mata shiru a kan ɗan fari, ta yi shirun har ya wuce inda magana za ta yi amfani. Duk cikinsu mutum ɗaya ne ya zauna a gaban likita da ikon yin wani abu, ya ji bayani tiryan-tiryan, ya ce ya ji.

Yana zaure tare da maza, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Wani abokin kasuwancinsa daga Kongolam ya iso, ya cire takalmi, ya durƙusa, aka yi addu'a aka shafa.

"Allah ya sa mai ceto ne. Ashe yaron ba shi da lafiya? Me ya same shi?"

Kowa a zauren ya dubi uban. Ta cikin ƙofa ana jin muryar Hajiya tana amsa gaisuwa.

Hafizu ya ja carbi ɗaya.

"Shawara ce," ya ce. "A nono ya sha."